Babi na Shida: Ƙusar da Ba Ta Yi Tsatsa Ba

Washegarin wata iska da aka yi a watan Yuli, na bi wani tsohon kafinta zuwa wani gida a Akokan, gefen Arlit, inda rufin ɗaki ya tashi cikin dare. Allah ya tsare, ba kowa a ɗakin. Kwanon ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta, falle huɗu a haɗe, kamar an ɗaga murfin tukunya an yar. Tsohon ko kallon ɗakin bai yi ba. Wajen kwanon ya nufa, ya kifa shi da ƙafa, ya durƙusa. Ƙusoshin suna nan jere a jikinsa, kowace da hularta, a miƙe sak, suna ƙyalli kamar jiya aka sayo su. Babu wadda ta karye, babu wadda tsatsa ta taɓa. Ya zare ɗaya da yatsu biyu ya miƙa wa mai gidan.

"Alhaji, ƙusarka lafiyarta ƙalau. Katakon ne ya sake ta."

Mai gidan ya ɓata rai, kuma yana da hujja. Da za a yi rufin, shi da kansa ya je shagon kayan gini ya ce a ba shi ƙusa mai tutiya, wadda 'yan kasuwa a Nijar ke kira galba, ya biya kuɗin da ya fi na baƙar ƙusa. A ganinsa ya gama rigakafi. Sai dai rigakafin tsatsa ya saya, a garin da za a yi wata tara ko goma ba a ga ɗigon ruwa daga sama ba. Abin da ke cin rufi a Arlit daban ne, kuma wanda ya koyi sana'a a Maraɗi ko Kano sai ya zauna ya sake karatu in ya zo nan.

Arlit yarinya ce a cikin garuruwan Abzin. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka aza harsashin garin a 1969, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. Daga baya aka kafa COMINAK a 1974, ya fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, aka gina Akokan domin ma'aikatansa. Kamfanonin sun yi wa mutanensu gidaje na siminti, da lantarki da famfo da asibiti, har aka riƙa yi wa garin kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ɗan ƙasar Benin ya sa wa fim ɗinsa na 2005. A gefen waɗannan unguwanni kuwa, masu neman aiki daga Tawa da Damagaram da Maraɗi, da Abzinawan da fari ya cinye wa dabbobi, suka kakkafa bukkoki da abin da hannu ya samu, daga baya suka mai da su ɗakunan laka da rufin kwano. Ginin gargajiya na wannan yanki bai san ƙusa ba. Wanda ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar masallacin Agadas ya ga itatuwan da suka leƙo daga jikinta, laka ce ke riƙe da su, nauyi ne ke danne su. Kwano da katako da ƙusa baƙi ne, tare suka shigo, kuma har yau hamada ba ta gama sabawa da su ba.

A fara da katakon, tun da shi tsohon ya ɗora wa laifi. Babu bishiyar da za a yanka a fitar da katakon rufi a duk faɗin jihar Agadas. Farin katako da ja galibi daga dazukan kudu suke zuwa, ƙasashen bakin teku, su biyo hanyar Tawa zuwa Agadas, sannan su ƙarasa kilomita wajen 240 ɗin da suka rage a kan titin yuraniyom, wanda duk direban da ya bi shi ya san halin da yake ciki. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyaka da Benin, tafiyar kaya ta ƙara nisa, kuɗi ya ƙaru, shi ya sa da mota ta sauke katako kafin a ce kwabo an wawashe. A nan matsalar take. Katakon da mutumin Kwatano ko Legas zai rantse ya bushe, yana riƙe da ruwa kusan kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari na nauyinsa, don iskar can da laima take. A Arlit da rani sai ya sauka ƙasa da kashi 6. Wannan ruwan dole ya fita, ko katakon yana jingine a shago, ko yana kan ɗakinka da ƙusa a cikinsa.

Ƙusa ba ta da abin da take riƙe katako da shi sai matsi. In aka buga ta, tana ture zaren itacen gefe, su kuma su dawo su shaƙe ta. In itacen ɗanye ne, da ya bushe sai zaren su saki, ramin ya yi mata yawa kamar zobe a yatsan wanda ya yi jinya. A Amurka akwai wata cibiyar binciken katako ta gwamnati a Madison da ke jihar Wisconsin, tun 1910 take wannan aiki, kuma ƙa'idar gini ta can, wadda aka ɗora a kan irin gwaje-gwajenta, ta ce ƙusa mai santsin jiki da aka buga a ɗanyen katako ya bushe daga baya, a lissafa mata kashi ɗaya cikin huɗu kawai na ƙarfin riƙonta. Kashi uku sun tafi tare da ruwan. Wannan lissafin Amurka ke nan, ba na ranar watan Mayu a Arlit ba.

Maganin ba ya cin ko dala, haƙuri yake ci, shi ya sa ba a cika yin sa ba. A sayi katako tun ana aza tubali, a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama don kada ya murɗe, a bar shi makonni. In aka shanya shi a rana kuwa an gudu ba a tsira ba, zai lanƙwashe ya tsattsage. Amma mai gini kullum cikin gaggawa yake. Kuɗin rufi yau suka shigo, damina ta ƙarato, iyali suna gidan haya. Kafintan da ya ce a jira wata guda, sai a kira wani wanda zai hau gobe.

Busasshen katako ma da nasa halin, musamman ja: tsagewa. Na ga yadda tsohon nan yake yi, kuma hannunsa ya saba har ba ya duba. Kafin ya buga ƙusa kusa da bakin katako, sai ya kifa ta a kan dutse ya ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe shi. Mai kaifi tana raba zaren itace kamar gatari, tsagar ta bi ta. Dakusasshiya kuwa murƙushe su take ta wuce. In katakon ya cika tauri sai ya fara huda da ɗan siririn ƙarfe. Ba ya jera ƙusa biyu a layin zare ɗaya, yana karkata su. Ba ya yarda da ƙusar da aka buga a goshin katako, wato ta inda zarto ya yanke, don a nan tana bin zaren ne a tsaye, babu mai shaƙe ta. Ya gwammace ya buga biyu a karkace daga gefe da gefe su gicciye a ciki. Batun tsawo kuwa, awonsa shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ƙusar su nutse a katakon ƙasa, wanda ke ɗauke da nauyin. Yaron shagon da ya ɗauko gajera inda doguwa ta dace, don ita ce a kusa da hannunsa, ya sha faɗa a gabana har na ji kunya.

To, ita tutiyar fa, da Alhaji ya biya kuɗinta? Ba asara ya yi ba, kuma labarinta ya isa a tsaya a kansa. Sunan galba daga Luigi Galvani ya samo asali, wani likita ɗan Italiya na ƙarni na 18 da ya yi suna da gwajin lantarki a ƙafar kwaɗo, bai taɓa ƙera ƙusa ba. Bafaranshe Stanislas Sorel ne ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe a narkakkiyar tutiya a 1837. Hikimar ta wuce a ce an sa wa ƙarfe riga. Fenti ma riga ce, amma da ya karce tsatsa ta samu ƙofa. Tutiya kuwa, in ita da ƙarfe suna haɗe kuma laima ta taɓa su, ita ce take fara lalacewa, ƙarfen ya zauna lafiya, ko da an ɗan karce ta ƙarfen ya leƙo. Tana fansar sa da kanta, sannu a hankali, har ta ƙare. Shi ya sa yawanta shi ne tsawon ran ƙusar.

A nan ne kasuwa ke yi wa mutane wayo, don galba iri biyu ce kuma suna ɗaya ake kiran su. Akwai wadda aka tsoma a tutiyar da ta narke a zafin digiri wajen 450. Wannan ba ta da kyan gani: toka-toka ce, jikinta da kaushi, wani lokaci da ɗan ƙullutu a gindin hula. Kaurin rigarta kan kai rabin silin gashin kai ko fiye. Akwai kuma wadda aka shafa wa tutiya da lantarki, mai santsi da walƙiya kamar azurfa, wadda sau da yawa rigarta ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na waccan ba. Ido yana son ta biyun, mai shago ma ita yake turo maka gaba. Ɗebi ɗaya-ɗaya ka murza tsakanin yatsu, hannu zai gaya maka abin da ido ya ɓoye. Kuma ga wani abu da ya shafi Arlit kai tsaye: kaushin nan na tsomammiya yana taimaka mata ta kama itace, santsin mai walƙiya kuwa yana taimaka mata ta zame. Ƙusoshin da muka gani a kwanon Alhaji duk masu walƙiya ne. Wadda ta fi su duka riƙo ita ce mai murɗaɗɗen jiki ko mai zobba, don ita bushewar katako ba ta cika yi mata illa ba, kuma in da ni ke da ɗakin, ita zan nema ko da sai an aiko mini daga Agadas.

Kada a ce don ruwan sama ya yi ƙaranci babu tsatsa a Arlit. Tana nan, wurin zama ta zaɓa. Tana banɗaki da wurin wanka, tana ƙarƙashin tankin ruwa, tana rumfar lambu, tana ɗakin da na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa ke hurawa dare da rana. Tana inda kan katako ya shiga cikin ɗanyar laka ko ɗanyen siminti, don siminti kafin ya bushe yana cin tutiya. A irin waɗannan wurare baƙar ƙusa ko mai siririyar riga ba ta daɗewa, kuma a nan ne araha ba ta ado. Akwai ma tsatsar da ke kama ƙusa tun tana cikin kwali: in ruwa ya shiga kwalin a hanya aka bar shi a rufe, sai ka buɗe ka ga farin gari kamar alli ya lulluɓe su. Tutiyar ce ta fara ƙarewa tun ba a buga ba.

Sai kuma katako mai launin kore-kore, irin wanda aka dafa da magani don gara. Maganin yana ɗauke da jan ƙarfe, shi kuma jan ƙarfe da tutiya ba sa ga maciji. A Amurka sun ga haka da idonsu: a ƙarshen 2003 aka daina amfani da tsohon maganin katako mai sinadarin arsenik a gidajen zama, aka koma wasu masu jan ƙarfe da yawa, sai ga ƙusoshi masu siririyar riga suna rubewa cikin 'yan shekaru. Irin wannan katako yakan faɗo kasuwar Arlit cikin kayan kwance, kuma ba ya karɓar komai sai tsomammiya mai kauri.

Mu koma kan rufi, inda guduma ke magana. Kwano ba ya zama wuri ɗaya. Da tsakar rana a bazara yana yin zafin da ba a iya ɗora masa tafin hannu, da asuba kuma ya huce. In bambancin ya kai digiri 50, falle mai tsawon mita 6 na ƙarfe zai miƙe ya dawo da kusan milimita 3 da rabi. In na alminiyom ne, kusan ninki biyu. Ƙarar nan ƙas-ƙas da ake ji a rufi da hantsi da kuma bayan magariba, ita ce. Kullum kwanon yana jijjiga ƙusar gaba da baya, sau ɗari uku da sittin da biyar a shekara, a cikin katakon da dama ya riga ya sassauta. Haka take ɗagowa da kaɗan-kaɗan, har wata rana ka hango huluna sun miƙe tsaye a kan rufi kamar masu sauraron huɗuba.

Kafinta mai ƙarfin hannu yana ganin maganin wannan shi ne ya ƙara duka. Sai ya narka wa ƙusar guduma har doron kwanon ya lotsa. Ya yi ɓarna uku a bugu ɗaya: ya yi wa ruwa ɗan tafki daidai bakin rami, ya fasa robar da ke ƙarƙashin hula, ya kuma kankare tutiyar kan ƙusar, musamman in bakin gudumarsa ya faffashe. Ƙa'ida ita ce a buga a kan doro, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a tsaya da zarar hular ta zauna ta danne robar. In ƙusa ta kauce wa katako, a zare ta a toshe ramin, kada a lanƙwashe ta a bar ta tana lilo. Robar da ke zuwa da ƙusa ma rana tana cinye ta, ta bushe ta farfashe. Kafintoci da yawa a nan tsohon tiyub na mota suke yankawa 'yan ƙanana su ƙara, kuma ban ga laifin wannan dabara ba. Wurin da ya fi son ƙusa kuwa shi ne baki-baki da kusurwoyi, don iska ba danna rufi take ba, ɗaga shi take, kuma daga gefe take sa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: falle ɗaya ya ɗaga a kusurwa, iska ta shiga ƙarƙashi, sauran su bi shi. Amma sau nawa za ka ga tsakiyar rufi cike da ƙusa, gefen kuma an tsallake doro uku-uku saboda kwali ya kusa ƙarewa?

Akwai abin da ba zan tsallake ba, don ya keɓanta da garuruwan nan. Mutanen Arlit gwanayen sake amfani da ƙarfe ne, talauci da nisa suka koya musu. Tsohuwar ganga takan zama ƙofa, bututu ya zama ginshiƙin rumfa, ƙusa kuma a zare ta a miƙe a kan dutse a sake bugawa. Rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, wanda ya raba ma'aikata wajen 600 da aikinsu, ya sa kowa ya ƙara riƙe abin hannunsa. Ƙusar da aka miƙe ta yi aikin akurkin kaji ko shingen awaki, amma rigarta ta tsattsage a inda ta lanƙwashe, ba ta rufin ɗakin kwana ba ce. Mafi muni shi ne a tara tsofaffin katakai a cinna musu wuta don a tsince ƙusoshin cikin toka. Wuta tana cinye tutiyar, tana kuma kashe taurin ƙarfen, sai a samu ƙusa mai laushi tsirara. Hayaƙin tutiya kuma yana sa wani zazzaɓi da masu walda suka sani: bayan 'yan sa'o'i mutum ya ji sanyi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya ɗauka zazzaɓin sauro ne. Yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, amma madarar da ake cewa a sha ba ta hana shi, nisantar hayaƙin ne ke hanawa.

Wani ƙarfen kuma abin da ke jikinsa ya wuce tsatsa. A watan Disamban 2003 masana daga cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, suka auna tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwar Arlit suka tarar wasu suna fitar da tururin nukiliya fiye da ƙima. A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta sake samun irin haka. Abin ya fi zama a dattin da ya daskare cikin bututu da jikin kayan da suka yi aiki a masana'antar tace ma'adinin. Ba ya wari, ba ya canza launi, wuta ba ta kashe shi, wanki da omo ba ya ba da tabbaci. Na'ura kaɗai ke ganin sa. Sabuwar ƙusa daga kwali ba ta da wannan matsala; tambayar tana kan bututun da za a ɗora rufin a kai, da fallen da aka sayo a kwance ba a san daga inda ya fito ba.

Ranar da aka mayar da rufin Alhaji na koma na gani. Katakon dai shi ne na da, tsohon ya ce yanzu ne ma ya zama katako, shekara biyu yana gasuwa ya gama sakin ruwansa. Ya sa aka sayo tsomammiya mai murɗe, ya kauce wa tsofaffin ramuka, a baki-baki ya buga kowane doro. Da ya gama bai sauko ba. Ya sa yaronsa ya huda bango layi uku na tubali ƙasa da rufin, suka zura rodi siriri suka naɗe shi a kan katakon suka murɗe, kusurwa huɗu da tsakiya, don ƙusa tana haɗa kwano da katako ne kawai, in ba a ɗaure katakon da bango ba sai su tashi tare. Alhaji ya ce ko a ɗora duwatsu a sama kamar yadda maƙwabta suka yi. Tsohon ya ce ya ɗora in yana so, amma kada ya kwanta a ƙarƙashinsu. Yana tattara kayansa ya ce a kira shi a watan Mayu, kafin hadarin farko, ya hau ya bi hulunan ɗaya bayan ɗaya ya ga wadda ta ɗago.